Kafin Ka Sallama 'Yar Starlet Ɗinka: Shawarwari ga Mai Sayar da Motar da Ya Yi wa Ƙari

A Mayo-Oulo da kewaye, da wuya ka ga ƙaramar mota ta zauna yadda kamfani ya ƙero ta. Hanyar Gidar da hanyoyin ƙauyukan gindin dutse sun sa kowa ya ɗaga ƙafafun tasa, ya ƙara mata sifirin, ya ɗaura mata kariya a sama. Samari kuwa sun ƙara da rim mai walƙiya, baƙin gilashi da katuwar sifika a but. Duk lafiya lau ne sai ranar sayarwa, ranar da mai saye zai dubi abin da ka kashe wa kuɗi ya ce shi fa bai aike ka ba. Ko Starlet ce, ko Yaris, ko tsohuwar Corolla, ga abin da zai rage maka asara da jeka-ka-dawo.

1. Fito da takardu kafin ka kira mai wanki. Shimfiɗa su a tabarma ka bi su ɗaya bayan ɗaya: kart giriz, asirans, takardar bizit, da takardar duwan idan kana da ita. Tun daga Janairun 2017 kamfanin asirans ne ke karɓar kuɗin binyet, saboda haka kada ka wahalar da kanka neman 'yar takardar nan da a da ake liƙawa a gilashi. Duk wadda wa'adinta ya wuce ka sabunta ta, don mai saye in ya tashi zabtare kuɗinta daga farashi ninkawa yake yi.

2. Duba sunan wa ke kan kart giriz. Motoci da yawa a nan sun bi hannu uku ko huɗu, amma har yau sunan wani mutumin Dwala da ba wanda ya taɓa gani ne a kan katin. In taka haka take, tattara takardun cinikin da suka haɗa shi da kai, daga hannu zuwa hannu, kada ko ɗaya ta ɓace a tsakani. Idan da hali ma ka mayar da katin sunanka tukuna, domin motar da mai ita ke tsaye a gabanta da katin shaidarsa ta fi saurin tafiya, ta kuma fi kuɗi.

3. Gwada lambar shasi da idonka. Buɗe gaban motar, goge wurin da aka buga lambar da tsumma, ka karanta ta a hankali kana duban katin. A motocin da suka fito daga Turai haruffa da lambobi 17 ne. Da wannan lambar jami'an duwan suke duba manhajarsu ta Cosmos su gane ko an biya wa mota haraji ko ta ɓarauniyar hanya ta shigo. Idan mai walda ya taɓa aiki kusa da wurin har ya ci wani harafi, ka je ofishin sufuri ka warware maganar tun kafin wani ya zarge ka da abin da ba ka yi ba.

4. Motar gado sai da yardar magada. Kasancewar makulli a hannunka bai sa ta zama taka kai kaɗai ba. Ku zauna, kowa ya sa hannu a rubuce, har da mata da waɗanda ke zaune a Garwa ko Ngaundere, don kada ciniki ya faɗa sannan wani ya ɓullo da magana.

5. Rubuta duk sauyin da aka yi mata, ka raba shi gida biyu. Gida na farko na abin da hanya ta tilasta: ɗagin ƙafa, ƙarin sifirin, farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, kariya, lagireto mai faɗi. Gida na biyu na abin da ranka ya so: rim, kiɗa, fitilu masu launi, salansa mai ƙara, sitiyari irin na 'yan tsere. Mai saye a yankinmu zai iya biyan wani abu a kan na farko, na biyun kuwa da wuya ya ƙara maka ko dala.

6. Kada ka tara rasit ka mayar da shi farashi. A ce ka saye ta miliyan ɗaya da rabi, ka kashe mata jaka ɗari huɗu a kan ado, ba shi ke nan ta zama ta miliyan ɗaya da jaka ɗari tara ba. Kasuwa shekarun mota take dubawa, da lafiyar injinta, da tsabtar takardunta, kuma sau da yawa motar da aka cika wa ado tsoro take bai wa magidanci, don yana ganin yaro ne ya yi ta falfala gudu da ita. Kuɗin adon nan ka riga ka ci moriyarsa a shekarun da ka yi kana shiga gari ana waiwayenka, to ka bar shi a haka.

7. Cire abin da ke ciruwa, ka sayar da shi daban. Sifika, amfilifaya, allon kallo da rim suna da masu so a tsakanin samari da masu gyaran rediyon mota, kuma a ware sun fi kuɗi a kan a bar su jikin mota kyauta. Idan tsofaffin ƙafafunta na ƙarfe masu inci 13 suna nan jingine a zaure, mayar mata da su: tayarsu ta fi araha, ana samunta ko'ina, kuma ta fi jure ramuka a kan siririyar tayar rim. Abin da ba ka samu damar mayarwa ba, irin tsohuwar salansa ko sitiyarin asali, zuba shi a but ka haɗa wa mai saye.

8. Ɓare baƙar ledar gilashi. Ita ce abu na farko da ke sa jandarma ya ɗaga hannu a shinge, kuma ba mai son sayen tsayuwa a rana. Ka bar motar ta sha hantsi ledar ta yi laushi, ka ja ta a hankali daga kusurwa, sannan ka wanke sauran gam da ruwan sabulu. A gilashin baya kada ka sa reza, akwai siraran wayoyi a jikinsa. Fitilun nan farare masu kashe idon na gaba su ma ka sauke su.

9. Ɗagin ƙafa ka bar shi, amma ka duba abin da ya ci. A hanyar da ruwan Agusta ke yankewa, motar da ta ɗan tashi daga ƙasa abin so ce, kuma direban kabu-kabu zai yaba. Sai dai ɗagi yana sa shaf aiki a karkace, robarsa ta yage, ƙasa ta shiga, ka fara jin ƙas-ƙas in ka karya kwana. Sauya roba da giris aikin rabin yini ne, amma in mai saye ya ji ƙarar nan kuɗin shaf biyu zai cire.

10. Injin da aka sauya, a faɗe shi tun a gaisuwa. Starlet mai inji 1.3 da aka ɗora wa na Corolla mai ƙarfi ba laifi ba ne a wurin mai ɗaukar buhunan gyaɗa, amma ƙarfin inji da irin man da mota ke sha suna rubuce a kart giriz, kuma da ƙarfin ake lissafa binyet da asirans. Idan abin da ke cikin mota ya saɓa wa abin da ke kan kati, kamfanin asirans na iya samun ƙofar zillewa ranar haɗari. Nemo rasit ɗin wurin da ka sayi injin, da sunan garejin da ya ɗora shi, ka haɗa su cikin takardu.

11. Auna shan manta, kada ka yi rantsuwa a kai. Da yawa an mayar da motoci masu injekta zuwa kafireto saboda kowane makaniki ya iya shi, kuma ya fi haƙuri da dattin zuwa-zuwa, wato man fasa-ƙwauri na kwalba, sai dai yawanci ya fi zuƙar mai. A da ba wanda ya damu, amma tun da Najeriya ta janye tallafin mai a Mayun 2023 zuwa-zuwa ya daina arha, litar gidan mai a Kamaru kuma ta tashi daga sefa 630 zuwa 730 a 2023, ta kai 840 a Fabrairun 2024. Cika tanki a Gidar, ka je Garwa ka dawo, kimanin kilomita 200 ke nan, ka sake cikawa a famfo guda ka rubuta lita nawa ta sha. Wannan lissafin ya fi wallahi goma shiga kunnen mai saye.

12. Tambayi makanikinka ko ya cire tamostat. Al'ada ce a garejin arewa a zare shi a haɗa fanka kai tsaye, wai saboda zafin Maris da Afrilu da ke haura digiri 40. Injin da aka yi wa haka yana daɗewa bai ɗumama ba da safiyar hunturu, ya ƙara shan mai, fankar kuma ta gaji da wuri. Mayar da shi ba tsada. In kuma ka ga gara a bar shi, to ka sanar da mai saye don ya san abin da ya karɓa.

13. Gyara wayoyin da masu kiɗa suka bari. Leƙa ƙarƙashin sitiyari da gefen batir: duk wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda, da duk fis ɗin da aka maye gurbinsa da zaren waya, kai wa mai lantarkin mota ya gyara. Daga irin wannan wuta ke tashi, kuma mai saye mai wayo nan yake fara kai kansa.

14. Yi ƙananan gyare-gyare, ka bar manya. Baƙin mai da matatarsa, filogi, ƙwan fitila, robar shafa gilashi, hannun ƙofar da ya karye, murfin tanki: duka ba su kai kuɗin taya biyu ba, amma su ne ido ke fara gani. Sabon fenti kuwa ka haƙura da shi, don kuɗinsa ba ya fita, kuma mota mai ƙamshin fenti tambaya ɗaya take jawowa, wato me aka rufe. Idan ka san lokacin da aka sauya bel ɗin taimin na Starlet ko Corolla ka faɗa. Yaris mai fetur sarƙa gare ta, ba ta da wannan maganar.

15. Wanke ta sosai, amma ba ranar da za a zo gani ba. Fitar da tabarmin ƙasa, kakkaɓe ƙurar auduga da ɓawon gyaɗa daga but, goge rufi, ka bar ƙofofi a buɗe ta sha iska. Inji kuwa ka wanke shi mako guda kafin nan, domin wanda ya tarar da shi jiƙe sharkaf zai ɗauka yoyon mai ake ɓoyewa.

16. Faɗi aibinta da bakinka. Tana cin baƙin mai, giya ta biyu tana ƙara, ta taɓa faɗawa rami a hanyar Figil: faɗa kafin a gano, kuma a rubuta manyan a takardar ciniki. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, ba zai dawo maka da ita ba. Wanda aka ɓoye wa aibi kuwa, malamai sun ba shi damar mayar da kaya, kuma a gari irin namu a masallaci ɗaya da kasuwa ɗaya za ku ci gaba da haɗuwa. Agogon kilomita ma kada ka bari kowa ya taɓa shi, ai lalacewar feda da kujera suna tona asiri.

17. Jira lokacin da kuɗi ke hannun mutane. Bayan an kwashe gyaɗa da masara, Sodecoton kuma ta fara biyan kuɗin auduga, nan ne manomi da ɗan kasuwa suke tunanin mota. Tsakiyar damina kowa taki da noma yake nema wa kuɗi, Satumba kuma ta 'yan makaranta ce. In ba dole ba, kada ka fitar da ita a waɗannan watanni, kuma kada ka bari a ji cewa matsuwa ce ta sa ka sayarwa.

18. San farashi kafin ka buɗe baki. Shiga Garwa ka zagaya wuraren masu sayar da motocin hannu, ka taya iri ɗaya da taka, ka ji inda suke cewa albarka da inda suke sassautowa. Ka tuna tasu yawanci ba ta daɗe da sauka daga Dwala ba, taka kuwa ta sha hanyar karkara, don haka ka sauko ƙasa da su. Yanke a ranka adadin da ba za ka gaza ba, ka ɗora kaɗan na ciniki, kada ka gaya wa kowa na farkon, ko da abokinka ne.

19. Kai tallar inda masu bukatarta suke. Motar da aka ɗaga aka ƙara wa sifirin, kasuwarta tana tasha wurin direbobi; wadda ta rage a natse kuwa malamin makaranta, ma'aikacin asibiti ko ɗan kasuwa ne mai ita. Ɗauki hoto da safe ko bayan la'asar, gaba da baya da gefe biyu, ciki, inji da agogo, ka sa a WhatsApp tare da shekararta, irin injinta da jerin sauye-sauyen. Rufe lambar mota a hoton, kart giriz kuwa kada ka tura wa kowa hotonsa sai kun haɗu ido da ido.

20. Dillali ɗaya, la'ada a yanke tun farko. Dillalai uku a kan mota ɗaya farashi uku ke nan a gari, kuma mafi ƙanƙanta shi mai saye zai riƙe. Ku daidaita nawa ne, wa zai biya, a gaban shaida. Kada ka ba shi makulli da takardu ya tafi nunawa. Mota ta kwana a gidanka har ranar da aka biya.

21. Gwaji da rana, kana ciki. Ka ce ya zo da sassafe ya tayar da ita da sanyinta, wannan ya nuna ba ka da abin ɓoyewa. Duba lasisinsa, ka zauna a gefensa, ɗan'uwanka ɗaya a baya, ku bi hanyar da ka zaɓa mai ɗan gargada da ɗan hawa. Ban da dare, ban da nufar bakin iyaka, kuma takardun asali su zauna a aljihunka.

22. Bar shi ya kawo makanikinsa. Ya duba, ya saurara, ya leƙa ƙasa, ya karanta shekarar taya a lambobi huɗun nan na gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Amma ba kwance inji, ba kai ta wani gareji ta kwana, don an sha mayar wa mutum mota da tsohon batir ko tsohon kwayil a madadin nasa.

23. Kuɗi a ƙirga su inda za a ajiye su. Mafi sauƙi ku haɗu a banki ko ofishin Express Union, ma'aikaci ya ƙirga takardun jaka goma-goma da na'urarsa, su shiga asusunka nan take. In ta Orange Money ko MoMo ta MTN ne, kada ka yarda da saƙon da ya shigo waya, shiga asusun da kanka ka ga kuɗin, domin saƙon ƙarya tsohuwar sana'a ce. Kada ka kwana da miliyan a ƙarƙashin katifa, kada kuma labari ya zaga unguwa cewa yau wane ya karɓi kuɗin mota. 

24. Bashi shi ne inda zumunci ke lalacewa. Kafin alƙalami ba ya fitar da mota daga gida: a rubuta nawa aka bayar, ranar cikawa, da abin da zai faru in ranar ta wuce. Idan ɗan'uwa ne ba yadda za ka yi, sai ka yarda da biya kashi-kashi, to ku je gaban jauro ko lawan da shaidu biyu a rubuta, ai aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan rubuta bashi ta sauka. Direban da ya ce zai riƙa biyanka daga abin da motar ta samo, ka sani ranar da ta lalace biya ya tsaya.

25. Mai saye daga Mubi, ku yi magana da sefa. Naira tana iya sauya daraja tsakanin ranar taya da ranar biya, saboda haka shi ya yi canjinsa ya kawo maka kuɗin ƙasarka. A gama komai na takarda a wannan gefen kafin mota ta tsallaka, don mota mai lambar NO da sunanka a kati, in aka kama ta da wani kaya a can, ƙofarka za a fara ƙwanƙwasawa.

26. Takardar ciniki sai da hatimin hukuma. A rubuta sunayenku da lambobin katin shaida, lambar mota, lambar shasi, farashin gaskiya, kwanan wata, har da ƙarfe nawa aka miƙa makulli, sannan a ƙara layi guda mai cewa mai saye ya ga sauye-sauyen ya yarda. Ku je komisariya tare a biya kuɗin tambur, wanda ya koma sefa 1,500 a 2023, a buga hatimi, kowa ya riƙe kwafinsa. In ya roƙe ka a rage farashi a rubuce don harajin rajista ya yi masa sauƙi, ka ƙi, domin ranar rigima abin da ke takarda alƙali zai karanta.

27. Bi maganar sauya suna har ta kammala. Rajista a ofishin haraji da sabon kart giriz a ofishin sufuri aikin mai saye ne, amma kai ke da asara in ya yi sakaci, don haka ku sa rana ku tafi tare, ko ka riƙe alkawarin ya nuna maka rasit. Sanar da kamfanin asirans ɗinka a rubuce. A dokar CIMA da Kamaru ke bi, asirans ɗin motar da aka sayar yana tsayawa da kansa a rana ta biyar bayan ciniki. Gaya wa mai saye wannan ƙarara, don da yawa suna ɗauka takardar tsohon mai mota za ta kai su ƙarshen shekara.

28. Kwashe naka, ka miƙa nata. Duba aljihun gaba, bayan madubin rana da ƙarƙashin kujeru, ka ɓare hoton jam'iyya da lambar wayarka daga gilashi. Ka haɗa masa safaya, jak, sifana, alamar tsayawa mai kusurwa uku, tukunyar kashe wuta da akwatin magani, tunda su ake tambaya a shinge. Makulli na biyu ma ka ba shi a gaban shaidu, a rubuta cewa ya karɓi guda biyu.